Kudaku da Kaza Irin na Bara'atu

Tun da Malam Lawwali ya tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi sati uku, bakinsa ya ƙi abinci. Tuwo ya ture shi, fura ya kurɓa sau biyu ya ajiye. Ɗiyarsa Safiyatu, wadda ta baro ɗakinta a Tsamaye ta zo Sabon Birni jinyarsa, ta rasa abin da za ta ɗora.

Wata safiya yana jingine da bango a tsakar gida, ya ce, "Da za ni samu kudaku da kaza irin na Bara'atu, da na ci."

Bara'atu yayarsa ce, ta rasu a Isa tun Safiyatu tana goye. Safiyatu ta san faten kudaku, wato dankalin Hausa, ta kuma san romon kaza, amma ba ta taɓa ganin su tukunya ɗaya ba.

"Baba, ƙaƙa take yin shi?"

"Ni ci kawai na sani. Yana da kauri, ga zaƙi, ga wani ɗan tsami can ƙasa."

Ta sa aka yanka kaza. Ta soya albasa da attarugu da tumatir, ta zuba nama da kudaku gaba ɗaya. Kafin kazar ta nuna, kudakun ya narke ya koma kamar kunu. Malam ya ɗanɗana ya ajiye cokali. "Da daɗi, ɗiyata. Amma nata bai narkewa."

Washegari ta jinkirta kudakun sai da naman ya yi laushi. Bai narke ba, amma cikinsa fari fat, romo bai shige shi ba. Abin ya tsaya mata a rai. Tana wanke-wanke tana tunaninsa. Me zai hana kudaku narkewa, alhali ya daɗe a wuta? Tsamin kuma daga ina yake?

Ta yi ta cigiya cikin dangi har aka ba ta lambar Inna Habi, tsohuwar da ta yi maƙwabtaka da Bara'atu a Isa. Da ta kira ta faɗi abin da ke tafe da ita, Inna Habi ta daɗe tana dariya.

"Ai kuskure ne mafarinsa, ɗiyata. Bara'atu ta jiƙa tsamiya don kunu, ta yanka kudaku ta zuba ciki, ta zaci ruwa ne. Da ta gane, ta ce ba ta zubar da shi. Tun daga ranar ba ta ƙara dafa shi wani iri ba."

"To kazar fa, Inna?"

"Ki babbake ta da karan dawa tukun. Ki sa daddawa da citta. In ya kusa nuna, ki tsamo yanka uku na kudakun ki murƙushe, ki maida. Man shanu sai kin sauke."

Safiyatu ta bi maganar ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ta buɗe murfi tana taɓa kudakun da ludayi. Ya sha romo har ya yi ja, ya nuna, amma kowane yanka na tsaye da gefensa. Ta tsamo ɗaya ta tsaga don ta gani da idonta.

Bayan azahar ta kai masa. Ya yi ta ci sai da ya ga gindin kwano. Sannan ya dube ta.

"Wa ya gaya miki tsamiya?"

"Inna Habi ta Isa."

"Habi na da rai?" Ya gyara zama. "Kira min ita."

Ta danna lambar ta miƙa masa wayar. Ta koma madafa ta zuba nata, ta zauna kan turmi tana ci, tana jiyo muryar ubanta yana tambayar mutanen unguwarsu ta Isa da sunayensu, wa ke nan, wa ya ƙaura.