Gishirin Shinkafar Biki

Duk sanda Tursunboy zai zuba gishiri a tukunyar shinkafar biki, hannunsa kan yi rawa. Sai matarsa Oygul ta leƙo ta ce, "Haba baban yara! Ba kai ka ciyar da garin nan kaf a bikin ɗan liman ba? Har ƙanzo aka kankare!"

"Kin cika surutu," yakan ce, sannan ya zuba, ya kuwa yi daidai.

Bana bikin jikarsu ne, Oygul kuma ta rasu. Da hannun ya fara rawa, sai ya maimaita wa kansa maganarta, har da ƙanzon. Hannun ya tsaya cak.

Kowa ya yaba abincin. Shi kuwa ya zauna bayan tukunya yana laluben ranar da ya taɓa ce mata na gode. Bai samu ba.