Sanda Mai Lamba Bakwai

Ƙwallon na cikin iska Murdo Geddes ya ce, "Yauwa! Ta yi kyau, yallaɓai."

Baƙon da ya buga ta, wani siririn ɗan Sweden mai suna Lindqvist, ya buɗe baki zai yi ihu. Murdo ya dafa masa hannu.

"Bar ta. Yanzu za ta sauka."

Ina! Ba ta sauka ba. Ta wuce tutar rami na sha ɗaya tana tafiya abinta, ta wuce shimfiɗar ciyawar da ramin yake, ta tsallake katangar dutsen da ta raba filin golf da hanyar bakin teku. Sai suka ji wata ƙara, ƙwas, ba irin ta ƙwallo a kan dutse ba. Daga nan kare ya fara haushi ba ƙaƙƙautawa.

Murdo ya san karen. Ya kuma san mai karen.

A Kilmorrie, dokar farko da ake koya wa mai ɗaukar jakar sanduna, tun kafin ya iya rataya jakar, ita ce in ƙwallo ta nufi inda mutane suke ya ɗaga murya ya ce "Hattara!" ko da yana ganin ba za ta kai ba. Shekara hamsin da biyu Murdo yana ɗaukar jaka a filin nan. Rabin masu aikin shi ya koya musu dokar, da zagi da dungurin kai. Yau ga shi bai yi ihun ba, ya ma hana mai son yi.

Ya yar da jakar ya gangara tudun da suke kai da gudu, irin gudun ɗan shekara saba'in da ɗaya, gwiwoyi na ƙara, numfashi na sarƙewa. Yana gudun yana cewa, "Ya Ubangiji, kare ta samu. Ya Ubangiji, ka sa kare ta samu." Alhali yana jin karen na haushi lafiya lau.

Effie Rennie na kwance a bayan katangar, rub da ciki, jini na bin farin gashinta daga saman kunne. Kowa a garin ya san al'adarta. Kullum ƙarfe goma takan fito da karenta da ƙwallo uku da tsohuwar cifar marigayi mijinta, wato gajeriyar sandar nan ta mutanen da, wadda ake ɗan tsikarar ƙwallo da ita ta yi tsalle kaɗan ta gangara rami. A 'yar ciyawar bayan katanga take wasanta, tana auna wani tsohon bokiti. Ga bokitin, ga ƙwallo biyu a ciki. Ga cifar can a gefe.

"Effie! Effie, ni ne Murdo. Ki yi magana mana, Effie!"

Ko motsi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba. Lindqvist ne ya biyo shi ya ciro waya ya kira motar asibiti. Ajinsu ɗaya da Effie a firamare. Ita ce ta fasa masa haƙori da allo suna 'yan shekara tara, har yau takan nuna wa mutane wurin.

Da motar ta tafi da ita, wata maƙwabciya ta ja karen, sai ya rage Murdo da baƙon da jinin da ke kan ciyawa. Murdo ya sunkuya ya ɗauki cifar ya cusa ta cikin jakar baƙon, shi kansa bai san dalili ba.

A rumfar masu ɗaukar jaka, shugabansu Gregor Strachan ya zaunar da su ya buɗe takarda. Gregor yaron Murdo ne a da, ya sha dunguri a hannunsa, amma yau fuskarsa ba wasa.

"Ku faɗa min yadda aka yi."

Lindqvist ya riga Murdo magana. Idonsa ya yi ja. "Laifina ne. Na buga da ƙarfi fiye da kima. Tun safe ban samu bugu mai kyau ba sai wannan."

"An yi ihu?"

"Abin ya zo da sauri," in ji Lindqvist, yana kallon ƙasa.

Gregor ya juya. "Haka ne, Murdo?"

Murdo ya san ba haka ba ne. A kan tudun, kafin bugun, baƙon ya dubi sanda mai lamba bakwai da Murdo ya miƙa masa ya ce, "Bakwai ba ta yi yawa ba? Sababbi ne, bakwai ɗina tana nisa." Shi kuwa Murdo ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, tun ba a haife ka ba nake miƙa bakwai a nan. Yadi ɗari da arba'in ne, ga iska na fuskantarmu. Buga kawai." Baƙon ya ji kunyar tsoho ya buga.

Duk wannan na bakin Murdo. Amma ya tuna Effie rub da ciki, ya tuna in ta mutu 'yan sanda za su zo, garin nan kuma da ya san shi shekara saba'in zai riƙa nuna shi da baki.

"Abin ya zo da sauri," ya ce.

Gregor ya rubuta.

Maimakon ya mayar da jakar ɗakin ajiya, Murdo ya zare bakwai ɗin da cifar ya zaga baya zuwa shagon Lachie Imrie mai gyaran sanduna. Lachie na shan shayi a tsaye, labari ya riga ya iso shi.

"Kai tsoho, ka ga fuskarka kuwa? Zauna kar ka faɗi min a shago."

"Auna min wannan."

Lachie bai tambayi komai ba. Ya ɗaure kan sandar a ƙarfen awo, ya gyara tabarau, ya karanta. Ya yi tsaki.

"Digiri ashirin da takwas."

"Faɗa min yadda zan gane."

"Shekara nawa nake faɗa maka yadda za ka gane? Kana cewa surutun 'yan kasuwa ne." Ya kwance sandar ya nuna fuskarta da babban yatsa. "Bakwai ɗin da ka sani, fuskarta a kwance take, wajen digiri talatin da takwas. Ta ɗaga ƙwallo sama, ta sauke ta kusa. Masu ƙerawa suka ga mutane na son a ce suna buga nisa, sai suka dinga miƙar da fuskar kaɗan-kaɗan, shekara bayan shekara, lambar kuma suka bar ta yadda take. Wannan da ke hannuna, a zamaninka ko biyar ba ta kai ta miƙewa ba."

"Bakwai aka rubuta a gindinta, Lachie."

"An rubuta mana. Kai kuma shekara goma tsofaffin garin nan kaɗai kake ɗaukar wa jaka, masu sandunan zamanin iyayenmu. Wa ya ce Gregor ya haɗa ka da baƙo?"

"Baƙi sun yi yawa bana."

Idon Lachie ya kai kan cifar. Ya karɓe ta a hankali, ya shafa fatar mariƙinta da ta yi baƙi don tsufa. "Ta Sandy Rennie ce. Ubana ya ƙera masa ita." Ya ɗaure ta ita ma a ƙarfen. "Talatin da bakwai. Yadda ta fita daga shagon nan haka take." Ya jera ta kusa da sabuwar, fuska da fuska, bambancin ya fito ƙiri-ƙiri ko makaho ya shafa ya ji. "Ga bakwai ɗinka nan, Murdo. Da irin wannan fuskar ya buga, da tana gindin tuta."

Murdo ya dafa teburin.

Lachie ya rage murya. "Wa ya zaɓi sandar?"

Murdo ya ɗauki cifar ya fita.

Bas ɗin birni, inda asibitin yake, na ɗaukar minti arba'in. Ya zauna a kujerar baya da cifar tsakanin gwiwoyinsa da jar hularsa a ka, hular ulu da matarsa ta saƙa masa kafin ta rasu, wadda ko a watan zafi ba ya rabuwa da ita. Duk sanda wayar wani ta yi ƙara sai gabansa ya faɗi. Wata mata ta tambaye shi ko ba shi da lafiya ne, ya ce sanyi ne. Sau biyu ya miƙe zai sauka, sau biyu ya koma ya zauna.

A barandar asibiti ya tarar da Shona, 'yar Effie, da rigar aikinta ta kantin burodi, gari duk a hannun rigar. Tana ganinsa ta rungume shi ta fashe da kuka.

"Kawu Murdo, an ce kai ka fara isa wurinta. Allah ya saka maka. Ƙashin kan ya tsage, suna duba ko jini ya taru a ciki. Sun ce in ya taru..." Ta sake shi. "Wai wane irin mutum ne zai buga ƙwallo kan jama'a ko ihu babu?"

Murdo ya ce, "Zauna, Shona."

Suka zauna. Awa uku. Ta sayo masa shayi a kofin takarda, ya riƙe har ya huce bai kurɓa ba. Duk likitan da ya ɓullo, Murdo sai ya karanta mutuwa a fuskarsa. Ya riƙa shirya yadda zai tsaya a coci ranar jana'iza, a wane layi, da wane ido zai kalli Shona. Ya gane cewa in Effie ta tafi, babu mai sanin gaskiya sai shi da baƙon da jirginsa zai tashi jibi. Abin da ya fi tsorata shi shi ne yadda wannan tunani ya ɗan sanyaya masa rai.

Wajen ƙarfe huɗu wata likita ta fito ta ce jini bai taru ba, ta farfaɗo, amma kunnen hagu da wuya ya sake ji. Mutum biyu za su iya shiga, minti biyar.

Effie ta ƙanƙance a gadon, kai naɗe da bandeji, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ɗayan ya bi su har suka iso. Ya tsaya kan abin da ke hannun Murdo.

"Ɓarawo," ta ce, muryar can ƙasa. "Ina za ka da sandar Sandy?"

"Kawo miki na yi."

"Biyu na jefa a bokiti. Saura ɗaya." Ta ɗan nisa. "Zo ta wannan gefen, wancan kunnen ya tafi yawo."

Ya zagaya. Ya tsaya ya dafa ƙarfen gadon.

"Dubi yadda ka koma, kamar kai aka buga," in ji Effie. "Kwantar da hankalinka. Na san yadda aka yi. Baƙin nan ba sa jin magana, ka ce musu ga sanda, su zaro wata." Ta juya ido wajen 'yarta. "Kin san ni, Shona, in na hango mutane a kan tudu nakan matsa jikin katanga har su gama. Yau na ɗaga kai na hango jar hula. Na ce a'a, Murdo ne. Shekara nawa, ƙwallon da Murdo ya zaɓa wa sanda ba ta taɓa tsallake katangar nan ba. Sai na ci gaba da abina."

Shona ta share hawaye tana murmushi. Ƙofa a buɗe take, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta nuna agogo. Abin da ya rage wa Murdo kawai ya gyaɗa kai ya ajiye sandar ya fita.

"Ni ne, Effie."

"Me ka ce? Ɗaga murya."

"Ni na ba shi sandar." Muryar ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so, har mai gadon gefe ta waiwayo. "Ya ce min ta yi yawa, na yi masa dariya. Da ta tashi zai yi ihu, na riƙe masa hannu. Gregor ya tambaye ni, na bar yaron mutane ya ɗauki laifin."

Shona ta saki hannun uwarta ta miƙe tsaye. Kallonsa kawai take yi, kallon da ya yini yana tsoro.

Effie ta kafa masa idonta ɗaya.

"Lamba nawa?"

"Bakwai."

"Bakwai," ta maimaita. "Ta yanzu."

"Ta yanzu."

"Ni da ba na shiga filin ma na sani, Murdo. Lachie ya ishi kowa da zancen."

"Ya faɗa min. Ban ji ba."

Ta miƙo hannu. Ya sa mata cifar, ta jawo ta ta kwantar a gefenta kan bargo, yatsunta na neman wurin da fatar ta lotsa.

"Daga nan wajen Gregor za ka?"

"Wajensa za ni."

"To." Ta rufe idon, sannan ta sake buɗe shi. "In ya bar ka ka sake hawa tudun nan, ka bar hular a gida."

Murdo ya kai hannu kansa.

"Ba ni kaɗai nake ganinta in ƙi matsawa ba," in ji Effie.

Ya cire ta. Ya tsaya da ita a hannu, sanƙonsa a waje, bai san inda zai sa ta ba. Ma'aikaciyar jinya ta ce lokaci ya yi. Shona ta matsa gefe ta ba shi hanya, ba ta raka shi ƙofa ba.