Robar Sifirit a Shagon Ubale

Ubale kafinta ne a Gagarawa. Ranar Laraba da rana ƙishirwa ta kama shi yana tsakiyar goge wani gado, ya ɗauki robar ruwa ya kafa kai. Sai da ya haɗiye maƙwarwa uku ya gane sifirit ɗin da yake haɗa fenti da shi ne. Ya kurkure baki, ya sha madara, ya ci gaba da aiki.

Washegari da hantsi ya ce wa matarsa Haulatu, "Wa ya tada hayaƙi a ɗakin nan?"

Babu hayaƙi ko kaɗan. Haulatu ta ruga gidan yayan mijinta, Malam Ishaƙ, wanda ke karantar da ɗalibai a unguwar, suka samo mota zuwa asibiti a Gumel. A hanya Ubale ya yi amai sau biyu, numfashinsa na fita da sauri.

Dakta Felicia ta haska idonsa, ta shinshina robar da Haulatu ta taho da ita, sannan ta fito da ita da Malam Ishaƙ baranda.

"Malam, ka saurare ni da kyau. A hanta akwai wani sinadari mai narkar da barasa. Shi ne yake juya sifirit ɗin nan ya zama guba, gubar kuma ido take fara ci. Yanzu haka da muke magana aikin yake yi."

"To a tsayar da shi mana," in ji Haulatu.

"Maganin da ke tsayar da shi ba mu da shi. Amma sinadarin ya fi son barasar da ake sha. Idan muka ba shi ita, zai shagala da ita ya ƙyale sifirit ɗin, har mu kai mijinki Kano a wanke masa jini. Akwai tsantsarta a ɗakin gwaje-gwajenmu, a gwargwado za mu ba shi."

Malam Ishaƙ ya damƙe carbinsa, ya dubi likitar.

"Likita, babu wata hanya?"

"Da akwai, da ita zan fara kawo maka."

Da aka faɗa wa Ubale, sai ya juya fuska bango. "Yaya, shekarata arba'in da ɗaya ban taɓa ɗanɗanawa ba. In mutuwa ce, kada in tafi da ita a cikina."

Haulatu ta toshe baki da mayafi. Malam Ishaƙ ya durƙusa gefen gadon, ya riƙe hannun ƙanensa.

"Ba don daɗi za ka sha ba. Lalura ce, kuma na san hukuncinta. Ni na ce a ba ka."

Aka zura masa siririyar roba ta hanci, aka ba shi barasar ta cikinta. Bayan la'asar motar asibiti ta ɗauke su. Tun daga Gumel har Kano Haulatu na ɗaga masa yatsu tana tambaya nawa yake gani, wani lokaci ya faɗi daidai, wani lokaci ya yi shiru.

Kwanansu tara a can. Idon dama ya dawo sarai. Na hagu kuwa inuwa kawai yake gani da shi, likitocin suka ce da wuya ya ƙara haske. Sai da ya yi wata biyu kafin ya iya buga ƙusa ba tare da ya sami yatsa ba.