Auduga Ce

Ni Dije tela ce, kuma ba ƙaramar tela ba, ko da yake an ce yabon kai jahilci. A unguwarmu nan Azare, in mace ta ga riga a jikin wata a wurin biki, hotonta kawai take kawo mini, in fitar mata da irinta sak, har mai rigar ta rasa wacce ce tata. Wannan gwanintar ce ta kwantar da mijina a asibiti, shi ya sa yanzu ba na son a yabi hannuna.

Maigidana Najmuddeen, wanda nake kira Baban Munira, shi ke kula da wutar lantarki a wani injin casar shinkafa da ke hanyar Bulkachuwa. Ana saura mako biyu a kama azumi, masu injin suka ɗauko wata mata daga Bauchi, Injiniya Mas'uda, ta yi wa ma'aikata bita ta kwana uku a kan kare kai daga wuta. Kullum ya dawo sai ya zauna bakin ƙofar ɗakin ɗinkina ya juye mini duk abin da ya ji, kamar ni zan shiga ɗakin wutar gobe. Ya ce ashe ba sai mutum ya taɓa waya wuta ke cin sa ba. Babban akwatin lantarki yakan yi aman wuta da kansa, da haske da ƙara da zafin da ke narkar da ƙarfe, kafin mutum ya ƙifta ido an gama. Ni kuwa ƙafata na kan keke, ɗinkin Sallah ya fara taruwa, sai dai in ce, "To," in ce, "Allah ya tsare." Amma abu ɗaya na ji shi sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ya ce rigar aikin da aka raba musu, da wani yadi na musamman aka yi ta, ba ta kamawa da wuta, kuma Injiniya ta hana su sa duk wani yadi mai leda, ko da a ciki ne, don narkewa yake yi a jikin mutum.

Na ga rigar ran da ya kawo ta. Shuɗiya ce, haɗe da wandonta, mai kauri kamar buhun gero, da tambarin kamfanin su Injiniya da ya yi ta a ƙeya. Na ɗaga ta na ce, "Wannan ai wanda ya ɗinka ta bai san Azare ba."

Azumi ya kama a tsakiyar bazara. Wanda ya san zafin ƙasarmu ta Katagum a wannan lokacin ba sai na yi masa bayani ba. Mutum na azumi, yana yini a ɗakin injuna cikin wannan buhu, ya dawo la'asar sakaliya leɓɓansa sun bushe, bayansa duk ƙurajen zafi, wasu har sun fara fashewa. Ba ya ƙorafi, shi dai ya kwanta a tabarma ya ce 'yarmu Munira ta yi masa fifita. Tausayi ya kama ni, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani abin tare da tausayin, wato son a ce Dije ta iya.

Ran wata Lahadi na ce masa, "Baban Munira, bari in fitar maka da irin rigar nan da yadi mara nauyi. Wallahi ko mai injin ba zai gane ba."

Ya sosa baya. Ya ce, "Dije, an hana fa." Can kuma ya ce, "Sai dai in auduga ce zalla, zuwa bayan Sallah kawai. In auduga ce da ɗan sauƙi."

Na shiga kasuwa na zagaye masu yadi. Audugar da na samu, shuɗinta bai yi daidai ba, wata ta yi duhu, wata ta yi haske. Sai a rumfa ta biyar na ga wanda launinsa ya hau sak, ga shi shara-shara, ga sheƙi kaɗan. Ina taɓa shi na san abin da na taɓa. Shekara goma sha huɗu ina ɗinki, in ka rufe mini ido ma zan bambance auduga da leda. Mu teloli har ashana muke ƙyasta wa bakin zare: auduga ta zama toka, leda ta nannaɗe ta dunƙule ta zama baƙin ƙullutu mai zafi. Na sani. Na ce a yanko mini.

Kwana biyu na gama ta. Na farke tambarin ƙeya da wani zirin ƙyalle mai walƙiya daga ta asalin, na mayar a kan tawa, na ninke ta asalin na tura ƙasan akwati. Da ya sa, ya juya kafaɗa, ya yi murmushi irin na wanda aka sauke wa kaya. Sai ya murza hannun rigar tsakanin yatsunsa ya ce, "Auduga ce?"

Na ce, "Auduga ce."

Kalma biyu. Ban ma ɗago kai daga zaren da nake tsinkewa ba.

Ya yi kwana goma sha ɗaya yana sa ta. Ƙurajen suka baje, ni kuwa ina ta jin daɗi a raina. Ran na goma sha biyu, bayan azahar, abokin aikinsa Bappayo ya tsaya da babur a ƙofar gida ya aiko a ce in fito da mayafina. A hanyar asibiti yake gaya mini cewa injin ne ya riƙa ɗaukewa, Baban Munira ya buɗe babban akwatin don ya auna, sai wuta ta yi aman nan da ake faɗa. Gilashin da ke fuskarsa ya tsare masa ido. Safar hannu ta tsare yatsunsa. "Rigar ce dai," in ji Bappayo, sai ya ƙara wa babur mai.

Rigar ta narke ta manne a ƙirjinsa da damtsensa na dama. Sai da likitoci suka yi ta ɓamɓarar ta a hankali. Ban ga wannan da idona ba, an hana ni shiga, amma na ji muryarsa daga baranda, kuma ba na fatan maƙiyina ya ji irinta.

Mahaifiyarsa, Hajiya Yakaka, ta iso kafin la'asar. Asalinsu mutanen Borno ne, amma ta fi shekara arba'in a Azare, kuma tun da aka kawo ni gidan ɗanta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Da ni take shawara kafin 'ya'yan cikinta. Mu biyu muka riƙe jinyar. Duk wanda ya zo dubiya sai ta nuna ni ta ce, "Kun ga yarinyar nan, ko runtsawa ba ta yi. Allah ya ba kowa suruka irin tawa." Daga nan sai ta juya kan masu injin, ta ce sun sayo wa 'ya'yan mutane rigar jabu, Allah ya isa tsakaninta da su da matar da ta zo ta yi musu daɗin baki. Kowane Allah ya isa sai in ji ya sauka a tsakiyar kaina. In ta yabe ni kuwa, gara ta mare ni.

Na yi shiru kwana shida. Ina ce wa kaina ba lokacin magana ba ne, mara lafiya ake ji da shi. Ƙarya nake, tsoro ne kawai. Ina tsoron ranar da Hajiya za ta dube ni da wani ido.

Ran na bakwai Bappayo ya dawo dubiya da kankana, ya zauna gefen gado yana ba da labarin wurin aiki. Ya ce, "Ai tun ranar kowa ya tuɓe rigar aikinsa. Mun ce tunda rigar ba ta hana komai ba, har ma ita ta ƙara cin mutum, me za mu yi da ita? Gara mutum ya sha iska. Jiya ma ni na shiga ɗakin wutar, da 'yar rigar ƙwallo ta." Ya ja wuyan rigar da ke jikinsa yana dariya. Leda ce zalla, tun daga inda nake zaune na gane.

Ya ƙara da cewa Injiniya Mas'uda ta dawo gari, ta roƙe su su mayar da rigunan, suka ce ta fara zuwa asibiti ta ga aikin rigarta. Gobe da safe za ta zo.

Da Hajiya ta fita alwala, Baban Munira ya kira ni da ido. Muryarsa ba ta fita sosai. Ya ce, "Dije, in ta zo zan ce ni na kai wa wani tela a kasuwa. Ke dai ki yi shiru."

Na ce, "Wane tela? Za ta ce ka faɗi sunansa."

"Zan ce na manta."

Mutum a kwance, ƙirji a naɗe, yana neman inda zai ɓoye ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na koma gida da yamma da sunan ɗauko wa Hajiya tuwo, na buɗe akwati na ciro rigar asalin. Lafiyarta ƙalau, sai ramukan allura a ƙeya inda na farke tambari. Na daɗe ina zaune da ita a cinya. Garin gyaran gira na rasa ido, kuma ga Bappayo, mai 'ya'ya biyar, yana shiga ɗakin nan da leda a jiki saboda shiruna.

Injiniya ta zo da hantsi. Na zaci zan ga mace mai tsawa, sai ga wata siririya da tabarau, idonta duk gajiya. Ta durƙusa ta gaida Hajiya, Hajiya ta amsa da ƙyar tana kallon bango. Injiniya ta ciro wata 'yar leda daga jaka, da guntun ƙyalle baƙi a ciki, ya dunƙule, rabin tambari na manne da shi.

Ta ce, "Malam Najmuddeen, sannu da jiki. Ba laifi na zo ɗora maka ba. Tambarin nan namu ne, amma yadin ba namu ba ne, namu ba ya narkewa. In an sauya mana kaya ne a hanya, dole in sani. In kuma wani abu ne daban, ka taimake ni, don abokan aikinka sun daina yarda da maganata."

Ya buɗe baki ya ce, "Ni ne na kai wa…"

Na ce, "Ni na ɗinka ta."

Na ciro rigar asalin daga ƙarƙashin mayafina na ajiye a bakin gado. Na faɗi komai a tsaye, ina kallon ƙasa: zafin, da kasuwar, da launin da ya ƙi hawa, da tambarin da na farke. Na ce ya ce mini auduga zalla, na sayo mai leda ina sane, ya tambaye ni na ce masa auduga ce.

Injiniya ta ɗauki rigar ta duba ƙeyar. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ko audugar ma da ba ta tsaya a madadin wannan ba, Maman Munira, amma da ba ta manne masa haka ba." Ta nemi izinina ta tafi da rigar ta nuna wa ma'aikata, ta kuma tambaya ko ta ɓoye sunana. Na ce ta faɗa, in ba haka ba ba za su yarda ba. Tun kafin ta kai ƙofa na ji tana waya, tana cewa kada kowa ya kusanci akwatin sai ta iso.

Ɗakin ya rage mu uku. Hajiya ta gyara zama a kujerarta. Lokacin shan maganinsa ya yi, na miƙa hannu zan ɗauki kofi, sai ta riga ni. Ta zuba ruwa, ta matso da kujerarta tsakanina da gadon.

Ya ce, "Hajiya, bar ta ta ba ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta miƙo mini kofin ba, ta dire shi a kan durowa, ta gyara mayafinta ta fita baranda.

Na ɗauka na ba shi. Ya sha maganin, ya numfasa, sannan ya ce a hankali, "Dije, na murza yadin nan da hannuna fa. Na san ba auduga ba ce. Tambayar ki na yi don in samu wanda zai ce mini eh."

Na so maganar ta rage mini nauyi, amma ba ta rage ba. Na ce ya ƙara ruwa, na tallafo kansa na kai masa kofin baki, don hannunsa na dama ba ya ɗaguwa, kuma likita bai ce mana ranar da zai ɗagu ba.