Jan da Ba Ya Zuba

Shekara arba'in Ya'akubu yana rini, tun a Kano har ya zo Maiduguri ya haƙa karofinsa, amma bai taɓa ganin ja irin wanda Kashim ya nuna masa ba.

Kashim shi ne mai duba kakin majinyata a asibiti. Ran da aka ce wa Ya'akubu tarin fuka ke gare shi, ya ƙi yarda. Kashim ya ja masa kujera gaban madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa.

"Ku Kanawa sai kun ga kaya da idonku. Leƙa, Baba."

Ya leƙa. Fili shuɗi, cike da 'yan sanduna jajaye.

"Kakinka na shafa a gilashi," in ji Kashim. "Na rina shi ja, na wanke da asid. Komai ya zuba, ban da su. Sannan na bi da shuɗi."

"Asid bai cire ba?"

"Jikinsu maiƙo ne. In sun kama launi ba sa saki."

Ya'akubu ya sake leƙawa. Launin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana nema, ashe masu cin ƙirjinsa ne suka iya riƙe shi.

Aka ba shi gari mai ɗaci da wata farar ƙwaya, isoniyazid, wadda ba ta kai wake ba. Ya raina ta. A gida matarsa Kellu ta ware masa kwano da moɗa. Jikarsa Fanna, da aka haifa da damina, daga bakin ƙofa ake ɗaga masa ita. Wannan ya fi tarin yi masa ciwo.

Zufar barci ta ɗauke. Jinin da yake tofarwa ya tsaya. Ya fara share kwano biyu na burabusko.

"Malam, maganin tari suka ba ka ko na ƙarar da gero?" in ji Kellu.

Duk wata yana kai kaki. A na bakwai Kashim ya sake ja masa kujera. Ya'akubu ya bi filin a hankali, yadda yake bin turmin zane yana neman tabo. Shuɗi, shuɗi, har gefe.

"Ina suka tafi?"

"Karo na uku ke nan ban gan su ba."

"Me ƙwayar ta yi musu?"

"Likita ma bai gama sani ba. An ce shekara arba'in da haɗa ta, tana ajiye, ba wanda ya san aikinta."

Ya'akubu ya fito da ƙwayar daga aljihu, ya daɗe yana kallonta a tafin hannu.

"Za ka ci gaba da sha har shekara ta zagayo, Baba. In ka bari za su dawo, kuma su daina jin magani."

"Yarinyar fa?"

"Likita ya ce ka ɗauke ta."

Da la'asar Kellu ta miƙo masa Fanna. Ta fi nauyin da ya zata. Ta damƙe yatsansa wanda shuni ya kama tun yana saurayi, ta ƙi saki.