Wanda Ya Amsa Sunan Mas'udu

Mas'udu dai ba mugun yaro ba ne, Allah ya sani. Matsalarsa ɗaya, dutsen Kwatarkwashi ya fi allon aji yi masa daɗin kallo. Kullum da safe zai saka fararen kayan makaranta, ya rataya jaka, ya yi wa mahaifiyarsa Inno sallama a bakin ruga. Da ya sha kwana sai ya bi hanyar awaki ya haye sama.

Can zai kwanta rigingine a kan fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, mikiya na shawagi a samansa, gajimare na wucewa a hankali kamar garken shanu za su mashaya. Wani lokaci har ji yake shi ma ya tashi, ya ratsa gonakin gero, ya zaga Gusau, ya juyo ya sauka a kasuwar Tsafe bai taka ƙasa ba. Makarantar kuwa daga can bai fi ka rufe ta da tafin hannu ba.

Kiran suna fa? Ai an gama da wannan tuni. Abokinsa Yazid ke miƙewa ya amsa masa, shi kuma ya sauko masa da kanya. Sabon malami ne, yara sun fi tamanin, ina zai gane?

Idon Inno kuwa tun bara yake dusashewa. Likita a Gusau ya faɗa mata gaskiya, ganin da ya rage ba zai kai kaka ba. Ba ta yi kuka ba. Abu guda take so ta gani kafin nan. Mas'udu ɗan fari ne, bakinta bai taɓa furta sunansa ba saboda kunya. So take ta ji an kira sunan nan da ƙarfi a gaban jama'a, ta ga ya miƙe a cikin aji. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ran wata Talata yana kwance a kan fa, sai ya hango wata mace da ƙwaryar nono tana tafiya a hankali, tana laluben katangar makaranta. Ya san zanen nan. Na Inno ne. Ya kwasa a guje, ƙaya na yagar wandonsa, amma ina! Hawa da sauka ba tafiyar mikiya ba ce. Kafin ya iso ta tafi.

Da yamma ya same ta tana wanke ƙore.

"Na je makarantarku," in ji ta. "Na tsaya a taga. Malam ya kira sunan, na ga farar riga ta miƙe."

Ta ci gaba da wanke ƙoren, ta ƙara da cewa:

"Rigar kaɗai idona ya iya gani. Amma kunnena lafiyarshi lau, kai yaro. Ɗan wane ne?"

"Yazid ne, Inno."

"Allah shi yi mishi albarka. Yana da murya."

Wallahi da dukansa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya durƙusa yana kuka, ya ce gobe ta dawo, gobe shi ne zai miƙe. Ta ce to, in an samu sarari.

Ba a samu ba. Washegari zazzaɓi ya kwantar da ita, sai aka yi hutu, kafin a koma makaranta ganin ya tafi gaba ɗaya.

Yanzu Mas'udu ne ke fara isa aji, ya zauna dab da taga. Ran Talata yakan riƙo hannun Inno har wurin, ta jingina da bango. Idan Malam ya kira suna sai ya miƙe tsaye ƙyam, ya amsa da iyakar muryarsa, har yara su yi dariya. Inno takan juyo da fuskarta wajen muryar, ta ɗan kuskure shi kaɗan, ta yi wa bango murmushi.