Gaisuwar Baffa Idrisu

Tun da rikici ya rufe hanyoyin fita daga unguwar Kilomita Biyar, malamar da ke koya wa su Abdulganiyu sasanta ma'aurata ta daina zuwa. Sai ƙungiyar da ta shirya karatun ta kawo kwamfuta. Mai koyo ɗaya zai zauna da miji da mata, malama da sauran masu koyo suna kallo ta kwamfuta daga inda suke, bakinsu a rufe, fuskarsu a ɓoye. In an tashi a yi gyara.

Ranar Abdulganiyu, Umaru da Mas'uda ne a gabansa. Umaru ya gudu Kamaru lokacin harbe-harbe, ya bar ta da yara da shagon atamfa. Ya dawo yana neman makullin shagon kamar jiya ya fita. Ita kuwa ta ce in yau ba a saurare ta ba, motar kaya za ta bi zuwa wurin uwarta a garin Garuwa-Bulai.

Da ƙyar Abdulganiyu ya shawo kanta. An gaya mata malamai na kallo, ta yarda. Ta ɗago kai.

"Ba makullin ba ne, Malam. Ranar da ya tafi, ko..."

"Salamu alaikum! Mas'uda 'yata, ina gajiya?"

Fuska ta cika kwamfutar, gemu da hula. Baffa Idrisu ne, ƙanin mahaifin Umaru, shi ma mai koyo.

Mas'uda ta sauko daga kujera, ta durƙusa gaban kwamfuta, ta ja mayafi.

"Lafiya lau, Baffa."

"Yaran fa? Me ya faru ne?"

"Babu komai, Baffa."

Malama na ta magana da Faransanci, tana cewa a rufe, a rufe. Abdulganiyu ji ya yi kamar ya jefa abin ta taga.

"Baffa, an ce fa ba a magana!"

"Kai, Abdulganiyu, in ga surukata in yi shiru kamar ɓarawo? Gaisuwa ce kawai. Ku ci gaba, na rufe."

Ya rufe. Amma ina! Ta riga ta san kunnen wa ke ciki. Abdulganiyu ya kife kwamfutar, ya roƙi Mas'uda da Hausa, ya koma yaren Sango. Kanta na ƙasa.

Umaru ya miƙe yana murmushi. "Ka ji da kunnenka, Malam. Ta ce babu komai."

Da hantsi washegari aka aiko wa Umaru makulli. Abdulganiyu ya hau acaɓa ya bi kasuwa, ya tarar motar kayan ta tashi da Mas'uda.